Sanarwar Bayan Taron Iyaye da 'Yan Uwa Kan Tallafa wa Masu Fama da Jarabar Caca a Kontagora

Iyaye, matan aure, malaman addini, ma'aikatan lafiya da shugabannin matasa daga unguwannin Kontagora da ƙauyukan da ke kewaye sun yi zama na musamman a garin Kontagora, Jihar Neja, domin duba halin da gida ke shiga idan ɗa, ko miji, ko ƙani ya faɗa tarkon caca. Bayan sauraron iyalan da abin ya shafa, waɗanda aka sakaya sunayensu, da bayanin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, taron ya amince da fitar da wannan sanarwa.

Abubuwan da taron ya lura da su

1. Caca ta sauya kama. A da, mai caca sai ya nemi lungu ya zauna kan tabarmar karta, duk unguwa ta san shi. Yau kuwa tana cikin aljihu, ta yadda saurayi zai zauna a gidan kallon ƙwallo, ko ma a tsakar gidan mahaifinsa, ya haɗa wasannin Ingila da na Sifen a tikiti guda, ya tura kuɗi ta waya, ba tare da na kusa da shi ya farga ba. Idan aka cinye shi, abin da yake faɗa shi ne "wasa ɗaya ne ya yanke", kuma wannan tunanin na cewa saura kaɗan shi ne ke mayar da shi gobe da kuɗin da ya fi na jiya.

2. Mahalarta sun saurari matar da ta dawo daga biki ta tarar babu keken ɗinkinta a ɗaki, da uban da ya damƙa wa ɗansa kuɗin rajistar makaranta, bai san ba a biya ba sai ranar jarrabawa, da manomin da kuɗin buhunan masararsa suka ƙare tun kafin ya baro kasuwa. Taron ya lura cewa mata ne suka fi ɗaukar nauyin wannan masifa, domin su ake bari da tukunya babu cefane, su masu bin bashi ke tararwa a gida, kuma su ake cewa su yi haƙuri su yi shiru.

3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, a kundinta da ya fara aiki a watan Janairun 2022, tana kuma ƙiyasta cewa kusan kashi 1.2 cikin ɗari na manya a duniya na fama da ita, sannan duk mai caca da ya yi nisa yana jawo wa kimanin mutum shida cutarwa. Wannan bai sauya hukuncin addini ba, wanda Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida suka fayyace, sai dai ya bayyana dalilin da ya sa mutum zai rantse da hawaye cewa ya daina, bayan kwana biyu ya koma.

4. Hanyoyi biyu da iyalai suka fi bi sun kasa. Ta farko ita ce biyan bashin mai caca a ɓoye da sunan rufin asiri, wadda taron ya yi ittifaƙin cewa, duk da kyakkyawar niyyar masu yin ta, tana koya masa cewa akwai mai share masa hawaye komai ya aikata. Ta biyu ita ce kora da tsinuwa, wadda ke miƙa shi ga abokan da suka koya masa tun farko.

5. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 22 ga Nuwamban 2024 ya tabbatar cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai, don haka ikon tsara harkar caca ko hana ta a Jihar Neja yana hannun Majalisar Dokokin Jihar da ke Minna.

Ƙudurorin taron

1. Iyalai su riƙe nasu kada su yar, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma riƙon ya zo da sharaɗi. A ci gaba da ba mai cacar abinci da makwanci da girmamawa, a daina ba shi tsabar kuɗi. Idan kuɗin makaranta ne, a biya makarantar kai tsaye; idan cefane ne, a sayo kayan; idan yana da albashi ko ciniki, a nemi amincewarsa wani amintacce cikin dangi ya riƙe katin bankinsa na wani lokaci, a kuma zauna da shi ya rufe asusunsa na caca ya goge manhajojin daga wayarsa.

2. Kada a biya bashin caca a asirce. A zaunar da mai cacar ya lissafa duk wanda ke bin sa, daga mai POS na bakin titi zuwa manhajojin ba da rance, a rubuta a gaban dattijo ɗaya ko biyu, a tsara yadda zai biya da guminsa ko da kaɗan-kaɗan ne.

3. Magana da shi ta kasance a keɓe, lokacin da rai ya kwanta, daga bakin wanda yake jin nauyinsa, ko kawu, ko yaya, ko malaminsa. Idan ya koma bayan ya daina, a ɗauki hakan a matsayin tuntuɓe a hanyar jinya, a ɗora daga inda aka tsaya.

4. Taron ya jaddada cewa dukiyar mace tata ce. Sadakinta, kayan ɗakinta, jarinta da kuɗin adashenta ba abin da za a taɓa ba ne don toshe ramin da caca ta haƙa, kuma macen da ta kai ƙara ga iyaye ko waliyyai ta yi abin da ya dace, bai halatta a kira ta mai tona asirin miji ba. Inda abin ya kai ga duka ko barazana, tsaron lafiyarta da ta 'ya'yanta ne a gaba da komai.

5. Duk wanda aka ga ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara furta cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a garzaya da shi Babban Asibitin Kontagora, inda za a iya tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna idan buƙatar hakan ta taso. Addu'a da magani su tafi tare.

6. Taron na kira ga Gwamnatin Jihar Neja da Majalisar Dokoki da su yi amfani da ikon da kotu ta tabbatar musu, su fito da doka bayyananniya kan shagunan caca da tallanta, tare da hukunci mai tsanani ga duk wanda ya karɓi kuɗin yaron da bai kai shekara 18 ba. Taron ya lura da rufe shagunan caca da Hukumar Hisba ta yi a Kano a 2024, sai dai yana tunatarwa cewa rufe shago bai kai ga wayar da ke hannun yaro ba, don haka dole a haɗa da samar da ma'aikatan ba da shawara a asibitocin jihar, bisa tanadin Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sanya wa hannu a farkon 2023.

7. Taron na roƙon Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora da ya umarci hakimai, dagatai da masu unguwanni su buɗe ƙofarsu ga iyalan da ke neman sasanci, limamai da fastoci kuma su riƙa yi wa dangin mai caca bayanin abin da ya kamata su yi, bayan bayanin haramcin da kowa ya riga ya sani. Haka nan hukumar Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora ta ƙarfafa sashen ba ɗalibai shawara.

8. An kafa kwamitin da ya ƙunshi maza da mata, wanda zai riƙa haɗa iyalan da abin ya shafa sau ɗaya a wata cikin sirri, ya kuma miƙa kwafin wannan sanarwa ga Fadar Sarkin Sudan, da Ƙaramar Hukumar Kontagora, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakatariyar Taro