Ba allura ce ta kori kurkunu ba

Yaron da aka haifa a 'yan shekarun nan bai san kurkunu ba sai a bakin kakarsa. Amma duk wanda ya yi wayo a ƙauye kafin nan ya san shi: ƙafa ta kumbura, ta yi bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi, sannan farin zare ya leƙo, a samo tsinke ana naɗe shi kaɗan-kaɗan kullum har makonni, ana kaffa-kaffa kada ya tsinke a cikin nama. Da damina yake fitowa a ƙasar Hausa, sai magidanci ya kwanta, ciyawa ta cinye gonarsa. Ƙidayar da aka fara a 1988 ta gano mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Najeriya. A 2008 aka ga na ƙarshe a jihar Enugu, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da shi.

Har gobe kurkunu ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Da ƙyallen tace ruwa aka kore shi, da rijiyar burtsatse, da maganin da ake zuba wa tafki, da 'yan sa-kai da ke roƙon mai ciwo kada ya tsoma ƙafarsa inda gari ke ɗiban ruwan sha. Cibiyar Carter ta kawo tallafi, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana matsa wa hukumomi lamba. Wannan shi ne aikin kiwon lafiyar al'umma: a bi sawun cuta har inda take shigowa gari, a toshe. Matsalarsa ɗaya ce, idan ya yi kyau babu abin nunawa. Gwamna yana iya yanka ƙyalle a ƙofar sabon asibiti, amma wa zai ɗauki hoton yaran da ba su kamu da ciwo ba? Shi ya sa kasafinmu ke karkata ga gini, a bar ruwa da masai da magudana a ƙarshen layi.

Sakamakon haka muna ganinsa duk damina. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne ke da fiye da rabin masu ciwon. Wannan cuta ce da aka san hanyarta tun 1854, lokacin da likita John Snow ya danganta ɓarkewarta a Landan da famfon unguwa guda. Bahaya ce ke haɗuwa da ruwan sha, shi ke nan.

Wani zai ce asibitocin ma ai ba su ishe mu ba, mai naƙudar da jini ya ɓalle mata likita take nema, ba magudana ba. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe ɗakin haihuwa a gina kwata. Sai dai a leƙa ɗakin yara a watan Agusta, a ga su biyu-biyu a gado ɗaya ana ƙara musu ruwa. Yawancinsu gudawa ce da zazzaɓin cizon sauro suka kawo su, cututtukan da ake iya tarewa tun a unguwa. Duk gadon da aka hana gudawa cikawa, da ma'aikaciyar jinyar da ta samu sarari, na waccan mai naƙudar ne.

Wani kuma zai ce tsafta cikon addini ce, kowa ya gyara gidansa. To, matar da ta share tsakar gidanta fes, ta wanke randa, ta rufe tulu, daga ɗan garuwa take sayen ruwa, ba ta san rijiyar da ya ɗebo ba, ba ta kuma da ikon hana maƙwabci haƙa masai dab da rijiyar. Wannan hurumin hukuma ne, kuma a da duba-gari ke riƙe da shi, yana shiga gida-gida yana leƙa randa da makewayi. Na san an tuna da shi da tsoro, wasunsu kuma sun mai da aikin hanyar tatsar talaka. Maganin wannan shi ne albashi a kan kari, horo, da hukunta wanda ya karɓi na goro. Kowace ƙaramar hukuma tana iya ɗaukar irin waɗannan ma'aikata, ta ba su sinadarin kulorin da abin gwada ruwa, su fara da rijiyoyin da 'yan garuwa ke ɗiba tun kafin ruwan farko ya sauka.