Kada Lambar Jikin Kwali Ta Ruɗe Mu

Yawancinmu tebur ɗaya gare mu a ɗaki. Da rana a kansa muke buga labari a kwamfuta, da dare a kansa muke jona PlayStation mu huta. To idan kuɗin monita ɗaya kawai muka tara, wanne za mu saya? Shawarwari biyu ne ke yawo a tsakaninmu, kuma dukkansu ɓarnar kuɗi ce.

Ta farko ita ce ta masu cewa a sayi talabijin kawai, ai duk allo allo ne. Sam! An ƙera talabijin ne domin a kalle ta daga kan kujera a falo, mu kuwa hanci da hanci muke zama da rubutu. Da yawa daga cikin talabijin masu arha na inci 32, ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye gare su, wato kusan ɗigo 49 a kowane inci. Monita mai inci 27 da 1440p tana da kusan 109. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai rubuta Hausa, domin ɗan ƙugiyar da ke kan ƙ, ɗ da ɓ shi ke raba "baki" da "baƙi", ya raba "kafa" da "ƙafa". Allon da ke dusashe ƙugiya zai sa mu tura wa edita kuskure, ga kuma idon da ya sha wahala a banza.

Ta biyu ita ce ta masu bautar lamba. Da sun ga an rubuta 240Hz a jikin kwali sai jiki ya ɗau rawa. Mu tsaya mu tambayi na'urar da za mu jona. PS5 da Xbox Series X ba sa wuce hoto 120 a daƙiƙa. PS4 kuwa, wadda har yanzu ita ce a hannun da dama daga cikinmu, a 60 ta tsaya. Microsoft Word ma bai san da zaman 240Hz ba. Kenan mun biya kuɗin gudun da babu mai yinsa.

Abin da ya kamata mu juya bayan monita mu duba shi ne kafofin jona waya. PS5 ba ta da DisplayPort, HDMI kaɗai take amfani da shi. Wasu monitocin ba sa kai gudun da aka rubuta a kwali sai ta DisplayPort, idan aka bi ta HDMI sai ya ragu. Mai son 4K da 120Hz a tare dole ya nemi HDMI 2.1, domin HDMI 2.0 a 60 yake tsayar da 4K. Amma 1440p da 120Hz, HDMI 2.0 ya ishe shi, kuma tun watan Satumban 2022 Sony ta ba PS5 damar fitar da 1440p.

Saboda haka matsayarmu ita ce: inci 27, 1440p, allon IPS wanda launinsa ba ya sauyawa idan an karkata kai, da kafa biyu aƙalla domin kada mu riƙa cire waya muna mayarwa kullum. Wanda aljihunsa bai kai ba ya ɗauki inci 24 mai 1080p, ya fi inci 27 mai 1080p fitar da haruffa tsaf. Mu guji dogayen allunan nan na 21:9, domin PS5 baƙin fili take bari a gefe da gefe. Mu kuma tambaya ko akwai sifika ko kafar iyafis, don monitoci da yawa bebaye ne.

Wani zai ce ai gem ya fi daɗi a babban allo. Gaskiya ne. Amma mu ƙirga awannin: nawa muke yi muna gyaran babi, nawa muke yi muna buga ƙwallo? Ranar saye mu tafi da kwamfutarmu, mu buɗe shafin rubutunmu a shagon, mu karanta shi a kan allon kafin mu zaro ko sisi. Idan ƙugiya ba ta fito ba, mu yi gaba.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi.