Taraba na sayar da yakutu ɗanye, tana sayo lu'u-lu'u a faifai

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sa tayil a wani sabon gini a Jalingo ya san ƙarar injin giranda da farar ƙurar da ke turnuƙe wurin. Kaɗan ne suka san cewa bakin faifan nan da ke ratsa tayil da dutse ɗauke yake da lu'u-lu'u. Ƙwayoyi ne ƙanana kamar yashi, ƙirar masana'anta, waɗanda aka cakuɗa da garin ƙarfe aka gasa har suka kama juna.

Asalin lu'u-lu'u da gawayi da bakin fensir ɗaya ne, wato sinadarin kabon. A 1954 ne Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya yi nasarar ƙera lu'u-lu'u da matsanancin matsi da zafi. Daga shekarun 1970 aka fara manna ƙwayoyinsa a kan ƙarfen tungustin da taimakon kobalt, a zafin da ya kai digiri 1,400, don yin haƙoran injin haƙar mai. Yau mafi yawan wannan lu'u-lu'u daga lardin Henan na ƙasar Sin yake fitowa.

Akwai kuma shafen kabon mai kama da lu'u-lu'u, wanda masana Aisenberg da Chabot suka bayyana a 1971. Kaurinsa bai kai ko kusa da silin gashi ba, amma yana rage gogayya da cinyewar ƙarfe. Shi kamfanin Gillette ya shafa wa rezar Mach3 a 1998, ana kuma shafa shi a sassan injin mota.

To, ina ruwan Taraba da wannan? Amsar tana kan tsaunin Mambila. Shuɗin yakutun da ake haƙowa a Mayo Sina da kewayen Nguroje, a ƙaramar hukumar Sardauna, yana mataki na 9 a ma'aunin tauri na Mohs, lu'u-lu'u kuwa na 10. Shi ya sa masu gyaran yakutu suka dogara da faifai da garin lu'u-lu'u wajen yanka shi da goge shi. Matashi ya kwana cikin rami da sanyin Mambila, ya sayar wa dillali dutsen da ƙasarsa a jiki, sannan dutsen ya nufi Tailan ko Siri Lanka, inda ake gasa shi, a yanka, a auna ingancinsa. Ribar gaske can take tsayawa. Dakatar da haƙar ma'adinai da Gwamna Agbu Kefas ya yi a 2023 ya taɓo matsalar tsaro da lalacewar ƙasa, amma bai ƙara wa dutsen ko kwabo ba.

Haka magini yake a kasuwar Jalingo. Ya sayi faifai, wani ya gama masa gida guda, wani ya dakushe kafin azahar, kuma kwalinsu kusan iri ɗaya. Ido ba ya gane yawan lu'u-lu'un da ke ciki ko ƙarfin ƙarfen da ya riƙe shi. A ɗakin gwaji kuwa abin a fili yake: a goga faifan a kan dutse a auna abin da ya cinye, a karce shafen kabon a ga nauyin da zai ɓare shi, a haska masa hasken leza bisa dabarar C. V. Raman na Indiya, wadda ke bambanta lu'u-lu'u da sauran nau'o'in kabon.

Masu cewa jihar da wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya ba ta da halin ƙera lu'u-lu'u sun yi gaskiya. Injinan matsi suna cin kuɗi da wuta, kuma gasa da Henan ɓata dukiya ne. Amma injin yanka yakutu da madubin ƙara girma da na'urar auna cinyewa ba su fi ƙarfin kasafin jiha ba, hasken rana ma zai iya tafiyar da su. Jami'ar Jihar Taraba tana Jalingo tun 2008, ta Tarayya tana Wukari tun 2011, ga kuma cibiyar nazarin haƙar ma'adinai a Jos inda za a iya tura malamai su koyo.

Ya kamata gwamnatin jiha da majalisar dokoki su ware kuɗi a kasafi mai zuwa don ɗakin gwajin duwatsu da kayan yanka a jami'ar Jalingo, tare da wurin koyar da gyaran yakutu, a kuma fara ɗaukar ɗalibai daga cikin yaran Nguroje da ke shiga ramin.