Daƙiƙa 178 a Cikin Gajimare

A shekarar 1954 wasu masana na Jami'ar Ilinoi ta ƙasar Amurka suka gudanar da wani gwaji da ya kamata duk mai sha'awar tuƙin jirgin sama ya san labarinsa. Sun samo matuƙa ƙananan jirage su 20, waɗanda suka saba dogara da idonsu wajen tuƙi, ba su koyi aiki da na'urori kaɗai ba. Aka hau da kowannensu jirgi ƙirar Beechcraft Bonanza tare da malami, aka tsare masa ganin waje, tamkar ya faɗa cikin gajimare. Babu ko ɗaya da ya iya riƙe jirgin. Da aka yi lissafi, matsakaicin lokacin da jirgi ya ɗauka kafin ya kufce wa matuƙinsa daƙiƙa 178 ne, wato ko minti uku bai cika ba.

Dalilin haka yana cikin kunne. A can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa idan kai ya juya. Idan jirgi ya karkata sannu a hankali, ko ya daɗe yana kwana, sai ruwan ya lafa, kunne ya shaida wa matuƙi cewa a miƙe yake tafiya alhali fiffike ɗaya ya riga ya sunkuya. Da ya lura jirgin na yin ƙasa sai ya ja sanda don ya ɗaga hancinsa, wannan kuwa ƙara matse kwanar yake yi. Muddin ido na hango inda sama ta haɗu da ƙasa, shi ke gyara wannan ƙarya ta kunne. In gajimare ko duhu ko hazo ya rufe, shi ke nan, mai gyara ya tafi. Wanda ya san yadda hazon hunturu ke shafe gari a ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani.

Haka ta faru da John F. Kennedy ƙarami a daren 16 ga Yuli, 1999, lokacin da jirginsa ƙirar Piper Saratoga ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, shi da matarsa da 'yar'uwarta suka rasu. Masu bincike ba su sami wata matsala a jirgin ba. Dare ne mai hazo a kan ruwa, matuƙin kuma ba shi da shaidar tuƙi da na'urori.

To, abin da ake yawan mantawa game da gwajin Ilinoi shi ne kashinsa na biyu. An koya wa matuƙan nan wata dabara mai sauƙi ta juyawa su koma inda suka fito, cikin 'yan sa'o'i kaɗan, aka sake gwada su, kusan duk suka fito lafiya. A ganina nan maganar take. Matuƙin jirgin fasinja yana da abokin tuƙi, da kamfani mai sa masa ido, da jarrabawa a kai a kai. Mai ƙaramin jirgi kuwa, likita ne ko manomi ko ɗan kasuwa, shi kaɗai ke yanke shawarar tashi ko fasawa, kuma doka ba ta da kujera a gefensa. Abin da ke shiga jirgin tare da shi iliminsa ne kawai.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta gane haka. Ta wajabta wa kowane matuƙi bitar tuƙi duk wata 24, aƙalla sa'a ɗaya a ƙasa da sa'a ɗaya a sama. Tana kuma da shirin sa kai mai suna WINGS, wanda ke haɗa laccoci da tashi tare da malami. Tun 1976 hukumar NASA ke karɓar rahoton kurakuran matuƙa a asirce, ta cire sunaye, ta buga darussan kowa ya karanta. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin mutum ba ya faɗin kuskurensa ga mai riƙe da bulala.

Sai dai akwai gyara. Taron wayar da kai na sa kai galibi masu taka-tsantsan ne ke cika shi; mai gaggawa, wanda aka shirya taron dominsa, yana can filin jirgi. Saboda haka ya kamata a ɗaura wa halarta wata riba da ake gani. An fara: kammala mataki ɗaya na WINGS yana tsayawa a madadin bitar wata 24, wasu kamfanonin inshora kuma na rage wa masu halarta kuɗi. Na biyu, lacca ba ta wadatar. Ko an gaya wa mutum sau goma cewa kunnensa zai yaudare shi, ba zai gaskata ba sai ya ji a jikinsa. Da ni ke da iko, da sa'ar bitar nan ta sama ba za ta ƙare ba sai malami ya rufe wa matuƙi ganin waje, ya bar shi ya rantse cewa a miƙe yake, sannan ya buɗe masa ya ga yadda fiffike ya karkata.