Ra'ayinmu: A Nemi Takardun Tun Dattawan Suna Raye

Watan jiya na raka baffana da ɗan ƙanena wani ofishin rajista. Yaron ya samu aikin tuƙi a Saudiyya, aka ce ya kawo fish, wato takardar da 'yan sanda ke bayarwa mai nuna ko kotu ta taɓa hukunta mutum. Fish kuwa ba ya fita sai da rakam watani. Yaron bai taɓa cire rakam ba, mahaifinsa ya rasu, akwatin ƙarfen da takardun gidanmu ke ciki kuma ya salwanta tun Disambar 2023, lokacin da dakarun Da'am Sari'i suka shiga Wad Madani kowa ya yi ta kansa. Jami'in ya ji sunan kakan yaron, ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Ina asab ɗinka?" Asab shi ne ɗan'uwa ta wajen uba, mai takarda, wanda zai rantse cewa kai jininsa ne. Sai baffa ya matso da sandarsa, ya buɗe bangon Alƙur'aninsa, abu ɗaya da ya fito da shi daga gida, ya nuna lambarsa da ya rubuta a can da alƙalamin biro. Aka buga a kwamfuta, sunansa ya fito. Aiki ya tafi.

A mota muna komawa ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya ce da ni, "Ɗana, da na mutu bara fa?" Ban samu amsar ba shi ba. Wannan tambayar ce ta sa na rubuta ra'ayin yau, domin na san a Mai Wurno, da kanabin Jazira, da ƙauyukanmu na Nilul Azraƙ, akwai gidaje da yawa da dukkan 'yancinsu na 'yan ƙasa ke rataye a wuyan dattijo ɗaya.

Matsalarmu da takarda tsohuwa ce. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu kakanninmu sun riga su zuwa a kan hanyar Hajji, wasu suka biyo baya. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, hannayensu na cikin waɗanda suka yi noma suka tsinci audugar da ta riƙe baitulmalin ƙasar nan shekaru da dama. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na haihuwa shi ne wanda zuriyarsa ta wajen uba ke zaune a nan tun 31 ga Disamba 1897. Ku duba kwanan da kyau. Duk wanda ya iso bayan Burmi an bar shi a bayan layi, shi da 'ya'yansa da aka haifa a nan.

An gyara. Dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar samun 'yanci. A ƙarƙashinta, jikan mutumin da ya tsinci auduga a Barakat a zamanin Turawa ɗan Sudan ne na haihuwa, babu wata-wata. To amma dokar da ke cikin littafi ba ita ke zaune a bayan teburi ba. Wanda ke zaune a can mutum ne, kuma hujja yake tambaya. Kowa a cikinmu ya san wanda aka ce da shi ya koma ya kawo umda, ya kawo shehun unguwa, ya kawo takardar kakansa, alhali maƙwabcinsa a layi ya gama cikin awa ɗaya. Wannan rashin adalci ne, kuma za mu ci gaba da faɗa. Sai dai kafin a gyara shi, wanda ya je da takarda a hannu ya fi ƙarfin wanda ya je da ɓacin rai kawai.

Laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu an haife mu a gida, ba a yi mana shahadar haihuwa ba, sai daga baya likita ya ƙiyasta shekarunmu aka ba mu tasnin. Shi ya sa rabin unguwa ranar haihuwarsu ɗaya ce, 1 ga Janairu. Aure nawa aka ɗaura a masallaci da goro da dabino ba a karɓi kasima wajen ma'azun ba? Mata nawa ne a gidajenmu ba su da rakam, don an ce ai ba inda za su? Sai da aka canja kuɗi a Disambar 2024, aka ce sai ta asusun banki, sannan wasu suka gane cewa matar da ba ta da lamba ba ta iya buɗe asusu, ko da kuwa ita ke riƙe da adashin unguwa.

Takardun da nake kira a nema kashi uku ne, kuma kowanne da ƙofarsa.

Na farko takardun mutum: shahadar haihuwa, rakam watani, kasimar aure, shahadar mutuwa. Waɗannan na ofishin Sijil Madani ne, ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, ban da kasima da ke wajen ma'azun da kotun shari'a. Wanda takardarsa ta ƙone ko ta ɓace ya sani cewa lambarsa ba ta ƙone ba. Ya fara kai rahoton ɓata wajen 'yan sanda, sannan ya nemi madadi. Kada a raina shahadar mutuwa. Ba ta da daɗin nema, amma ba tare da ita ba kotu ba ta fitar da takardar magada, gado kuma ya tsaya cak, marayu su zauna suna kallon gonar ubansu.

Na biyu takardun ƙasa. Dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma mafi yawan kanabi da gonakin da muke nomawa a bakin kogi ba su da rajista da sunan masu zama a kansu. Wanda yake da fili mai rajista ya je ofishin rajistar filaye ya ciro shahadar bahas sabuwa, ya tabbatar sunan da ke ciki bai canja ba a shekarun da ba ya nan. Wanda ba shi da rajista ya tattara duk abin da ke nuna daɗewarsa a wurin: rasidin haraji, rasidin ruwa, yarjejeniyar noma da mai hawasha, takardar shehu. Mun ga abin da ya faru a 2022 a Rusairis da Ganis da Wad al-Mahi, inda aka kashe ɗaruruwa, dubbai suka bar gidajensu. Tushen rikicin shi ne tambayar wa ke da ƙasa, wa ke da sarauta. Duk wanda zai koma gidansa bayan gudun hijira zai sake haɗuwa da wannan tambayar.

Na uku, wanda muka fi tsoro, takardun laifi. A nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Fish takarda ce ta mutum ɗaya: ya je sashen Adilla Jina'iyya na 'yan sanda da kansa, a ɗauki zanen yatsunsa, a duba, a ba shi. In don waje ne, ya kai Ma'aikatar Harkokin Waje a buga mata hatimi. Ba a ba wani fish ɗin wani, don haka uban da ke binciken mai neman 'yarsa sai dai ya ce da saurayin ya kawo nasa. Balag kuwa ƙara ce kawai da aka buɗe. Dokar shari'ar laifuka ta 1991 ta ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a 11 ga Janairu 2025, kalmar "muta'awin", mai haɗa kai da abokan gaba, ta zama mai arha a bakin mutane, kuma talakan kambo ne ta fi saurin kamawa. In an kama ɗanka aka sake shi, kada ka ce alhamdu lillahi ka tafi gida kawai. Ka yi hamdala, sannan ka nemi lambar balag ɗin da kwafin hukuncin niyaba ko na kotu da ya wanke shi. Wata rana a wani shingen bincike, wannan takardar ce za ta yi masa magana.

Haka nan in mu aka zalunta. Mun saba mu binne mamaci mu ce mun bar wa Allah. Barin wa Allah bai hana buɗe balag ba. Wanda aka ji wa rauni ya nemi Urnik 8 likita ya cike. Wanda aka kashe masa ɗan'uwa ko aka kwashe masa dabbobi ya rubuta rana da wuri da sunayen shaidu tun ƙwaƙwalwa na riƙe da su. A Kambo Tayba, a gabashin Jazira, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya aƙalla mutum 26 da aka kashe a 10 ga Janairu 2025, mafi yawansu 'yan asalin yammacin Sudan, maƙwabtanmu a zaman kanabi. Duniya ta ji labarinsu ne saboda an samu waɗanda suka tsaya suka ba da shaida aka rubuta. Shugabannin ƙasa sun kafa kwamitin bincike a kan lamarin, kuma haƙƙin jama'a ne su karanta abin da irin wannan kwamiti ya gano.

Ga hukuma muna da buƙatu, ba roƙo ba. Ƙasar nan tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2015. Ko da yake an cika ta da togaciya, ta amince cewa ɗan ƙasa na da ikon tambaya. A liƙa sharuɗɗan kowace takarda da kuɗinta a bangon ofis, sharaɗi ɗaya ga kowa, ko sunan kakansa Ɗanbaba ne ko Wad al-Fulan. In an hana mutum, a ba shi dalili a rubuce don ya san inda zai ɗaukaka ƙara. A tura ayarin rajista zuwa kanabi da sansanonin 'yan gudun hijira na Damazin da Sinnar, domin tsohuwar da ba ta da kuɗin mota ba za ta taɓa isa layin birni ba. Mu ma kowane kuɗi muka biya mu karɓi rasidin gwamnati. Ɗan kamasho da ke tsaye a bakin ƙofa yana cewa zai gama maka yau-yau, takardar bogi zai iya miƙo maka, ita kuwa laifi ce da za ta shiga fish ɗinka har tsufa.

Sauran aikin namu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane masallaci na iya ware samari biyu masu ilimi su bi gida-gida da littafi: wa ke da rakam, wa ba shi da shi, wane ne asab ɗin wannan gida. A fara da gidajen da shaidarsu ya tsufa ko ba shi da lafiya. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa ɗan'uwa a wani gari ko a Jidda, kada a sake tara komai a akwati ɗaya. Malamanmu da ɗalibanmu na jami'a kuma su tuna cewa labarin zuwan kakanninmu yana rubuce a fayilolin zamanin Turawa, a Darul Wasa'iƙ ta Khartum, da taskar Sudan ta Jami'ar Durham a Ingila, da taskar tarihi ta Kaduna. Matambayi ba ya ɓata.

Baffa yana nan da ransa, alhamdu lillahi. A makon nan na lissafa 'ya'yan gidanmu da ba su da lamba, na samu tara, shida mata. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan ɗauki mota in kai su gaba ɗaya, shi a gaba da Alƙur'aninsa. Kai ma, mai karatu, ka zauna da daren nan ka lissafa naka.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa.