Hayaƙin Mota Ba Ya Jin Takarda

Tun daga watan Janairu na 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta kafa ƙa'ida cewa ba za a ba mota takardar shaidar lafiya ba sai an kai ta wurin awo, an duba birki da fitilu da hayaƙin da take fitarwa. Masu tsofaffin motoci daga cikin 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba sun yi ta gunaguni, har waɗansu suka koma neman 'yan baranda su samo musu takarda ta bayan gida. Wannan ba dabara ba ce, asara ce.

Baƙin hayaƙi fetur ne wanda bai ƙone sosai ba, watau kuɗin mai mota ne yake fita ta salansa, ga shi kuwa an janye tallafin mai tun 2023. Sau da yawa maganinsa bai wuce sabon fulogi, da sabuwar matatar iska, da daidaita kafireta ba. Shuɗin hayaƙi shi ne mai wuya, domin baƙin mai ne injin yake sha, galibi ringi ya cinye, sai an sauke inji.

Wanda ya fi shiga uku shi ne wanda bakanike ya rarrashe shi aka cire masa matatar nan ta cikin salansa, wadda ake kira indomi, wai don mota ta ƙara gudu. Bakanike ya sayar, mai mota kuwa zai sayi wata da tsada.

Ran awo kuma kada a kai mota injinta da sanyi. A zagaya da ita tukuna ta ɗau zafi.