BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wanda ya ratsa ta ɗakunan kwanan ɗaliban likitanci da tsakar dare a 'yan makonnin nan, ya ga abin da muke gani: fitilu a kunne har asuba, wani ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace shi, wani kuma ya jera goro da kofi a gabansa kamar mai talla. Kwanan baya ma sai da muka ɗauki wani abokinmu ranga-ranga zuwa asibiti, bayan ya kwana uku bai runtsa ba. Ranar da aka zauna takardar da ya yi wa wannan wahala, yana kwance ana ƙara masa ruwa.

Ba mu raina dalilin tsoron ba. Shekara shida ɗalibi yake yi yana neman digirin MBBS, kuma kowane fanni sai ya sami kashi 50 cikin 100 kafin a ce ya ci. Bayan ya haye ne Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya za ta yi masa rajistar wucin gadi, ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya, sa'an nan a ba shi cikakken izni. 'Yan'uwanmu da suka yi karatu a Sudan ko Masar kuwa, sai sun zauna wata jarrabawa ta majalisar kafin su taɓa majiyyaci. Ga iyaye sun zuba ido, wasu ma gona aka sayar. To, amma tsoro daban, dabara daban.

Abin mamaki shi ne, ilmin da muke haddacewa shi ne yake ƙaryata halinmu. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace yakan zube cikin kwanakin farko, in ba a koma masa ba; kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka dunƙule a zama ɗaya. Gardawan ƙasarmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba su yin sabon rubutu su bar tilawar baya. Har ila yau, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, kuma baligi yana bukatar aƙalla awa 7. Kofin da aka sha bayan la'asar, wajen rabin sinadarinsa yana nan cikin jini bayan awa 5. Watau wanda ya hana idonsa barci don ya haddace ƙasusuwa 206 na jikin mutum, ɗiban ruwa yake yi da kwando.

Ita kuma gajiyar da take cinye mutum har ya tsani abin da yake so, ba ragwanci ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Hukumar ma'aikata take nufi, amma wane ne a cikinmu bai ga alamun nan a fuskar abokin ɗakinsa ba?

Saboda haka shawararmu ita ce, a fara tun farkon zango, a yanka wa kowace rana rabonta. In an karanta babi, a rufe littafi a tambayi kai, domin tuno abu ya fi sake karanta shi kafa shi a zuciya. A haɗu uku ko huɗu a riƙa yi wa juna tambayoyi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A je gefen gadon majiyyaci, gama saifar da hannu ya taɓa ba a manta ta. A ci abinci, a motsa jiki, a ware yini guda a mako a huta. Ƙwayoyin hana barci kuwa, mu da za mu rubuta wa jama'a magani, mu ne ya kamata mu fi kowa gudunsu.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumomin makarantu da su ba da isasshen hutun bita kafin jarrabawa, su kuma tanadi wanda ɗalibi zai kai wa kukansa ba tare da jin kunya ba. Manyanmu kuma su daina yi mana alfahari da cewa su ma haka suka sha. Talakan da zai kawo ɗansa asibiti gobe ba zai tambayi dare nawa muka raya ba. Likita mai natsuwa yake nema. Allah Ya ba mu sa'a, amin.